Wa Zai Gyara Kwalbatin? Yadda Muka Sake Shirin Darasin Jiha da Ƙaramar Hukuma a Aji Biyar

Shafi biyu ta kawo mini, rubutu tsaf, ta ja layi da rula a ƙarƙashin kowane kan magana. Ɗalibar kwalejin ilimi ce da aka turo mana koyarwar gwaji, hedimasta ya haɗa ta da ni don in riƙa duba shirin darasinta kafin ta shiga aji. Maudu'in makon a ilimin zamantakewa na aji biyar shi ne gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma, kuma minti 40 jadawali ya ba shi. Abin da ya gudana tsakanin waccan takardar da darasin da aka koyar daga baya ya sa ni kaina na sauya yadda nake koyar da wannan maudu'i, duk da shekarun da na yi riƙe da alli. Shi ya sa na zauna na rubuta shi dalla-dalla, ko wani malamin zai amfana.

Shirin farko

Ta fara da ma'anar gwamnati, jimla guda mai tsawo da yara za su kwafa. Daga nan sai zanen tsani: shugaban ƙasa a ƙoli, gwamna a ƙarƙashinsa, ciyaman a ƙarƙashin gwamna, kansila a matakin ƙarshe. Sai alƙaluma: jihohi 36, Babban Birnin Tarayya Abuja, ƙananan hukumomi 774. Sai ayyuka biyar na jiha, biyar na ƙaramar hukuma, a haddace. Tambayoyin auna fahimta kuwa duk "nawa ne" da "lissafo".

Ban ce mata komai a kan takardar ba tukuna. Na ce, "Malama, zo mu gwada wani abu." Muka kira yara uku 'yan aji shida, waɗanda ni da kaina na koya musu wannan darasi bara, da irin wannan tsari nata. Na tambaye su ƙananan hukumomi nawa ne a ƙasar nan. Baki ɗaya suka ce 774. Sai na nuna musu kwalbatin da ke bakin ƙofar makaranta, wanda ya rufta tun damina, na ce wa ya kamata a kai wa kuka. Ɗaya ya ce shugaban ƙasa. Ɗaya ta ce mai unguwa. Na ukun ya ce gwamnati. Na ce wace daga ciki? Ya sunkuyar da kai.

Abin ya dame ni ƙwarai, don ɗalibaina ne. Sun riƙe adadi, amma ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba, alhali amfanin darasin ke nan gaba ɗaya. Yaron da ya girma yana jin cewa komai daga Abuja yake, ba zai taɓa tuhumar kansilan da ke zaune layi biyu da gidansu ba.

Matsalar tsani

A nan muka fi daɗewa, don zanen tsanin nan yana cikin kan kusan kowane malami. Yana da sauƙin zanawa, yana da sauƙin kwafa, amma yana koya wa yaro abin da kundin tsarin mulki bai faɗa ba. Wanda ya kalli tsani zai ɗauka gwamna yaron shugaban ƙasa ne, yana iya korarsa ranar da ya ga dama kamar yadda zai sauke minista. A ƙarƙashin kundin 1999, jama'ar jiha ne ke zaɓen gwamnansu na shekara huɗu, ba ya wuce wa'adi biyu, kuma hanyar tsige shi tana hannun majalisar dokokin jiharsa, kamar yadda sashe na 188 ya tsara. Ita ma majalisar jama'a ne ke zaɓenta, kuma sashe na 91 ya ce 'yan majalisar jiha ba za su gaza 24 ba, ba za su haura 40 ba. Sashe na 7 kuma ya lamunce cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su riƙa tafiyar da ƙananan hukumomi.

Ta ce, "To Malam, daga ina muka samo tsanin?" A ganina gadon mulkin soja ne. Duk jihohinmu sojoji ne suka ƙirƙiro su: Janar Yakubu Gowon ya yi 12 a 1967, Janar Murtala Muhammad ya mai da su 19 a 1976, Janar Ibrahim Babangida ya ƙara Katsina da Akwa Ibom a 1987, ya kai su 30 a 1991, sannan Janar Sani Abacha ya cika 36 a 1996 da Zamfara, Gombe, Nasarawa, Bayelsa, Ebonyi da Ekiti. A wancan zamani shugaban ƙasa na soja ne ke naɗa gwamna, ya kuma cire shi. Malaman da suka koyar da mu a lokacin gaskiya suka zana. Tsarin ne ya sauya a 1999, zanen allo bai sauya ba.

Wani abu da ya kamata malamin da ke koyarwa da Hausa ya lura da shi: kalmar "jiha" ɗin kanta tana da fuska biyu. A Nijar ma ana cewa jihar Maraɗi, jihar Damagaram, amma can gwamnatin tsakiya da ke Yamai ce ke naɗa gwamnoni. Tsani zai dace da can. A Nijeriya, ko a Amurka mai jihohi 50, inda tsarin tarayya ne, bai dace ba. Muka bar tsani, muka yanke shawarar zana da'ira uku a jere, ta tarayya, ta jiha da ta ƙaramar hukuma, kowace da aikinta, da ɗan wurin da suka shiga juna.

Zaman da muka yi da kundin tsarin mulki

Washegari na kawo kwafin kundin, muka buɗe Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Ba ta taɓa karanta shi ba, kuma ban ga laifinta ba, malamai da yawa daga littafin aji kawai suke ɗauka. Tana karantawa tana mamaki. Kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, bayan gida na jama'a, maƙabartu. Gina tituna da gyara su, fitilun titi, magudanan ruwa. Kwashe shara. Sanya wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba. Har da ba da lasisin keke, kwalekwale, baro da amalanke. Sannan shiga cikin aikin samar da ilimin firamare da na manya, da kiwon lafiya, da bunƙasa noma.

Ta ɗago kai ta ce, "Ai duk abubuwan da yaran nan ke gani a hanyarsu ta zuwa makaranta ne." Daga wannan magana tata sabon shirin ya fito. Muka ce darasi zai fara daga abin da yaro ya taka ko ya wuce yau da safe, sannan a bi sawu a gano mai alhakinsa. Ma'anar gwamnati za ta zo a ƙarshe, daga bakin yaran.

Muka yanka tsofaffin kwalaye muka yi katuna. Kowane kati da aiki guda: kwashe shara, gyaran kwalbatin unguwa, tsabtace kasuwa, makarantar sakandare, babban asibiti, buga kuɗi, fasfo, sojoji, 'yan sanda, da sauransu. Yara za su kai kowane kati da'irar da ta dace.

Wahalar ta fito ne wurin zaɓen katunan. Akwai ayyukan da ba su da gida ɗaya. Ɗauki makarantar firamare da yaran ke zaune a ciki: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tarayya ce, kowace jiha tana da hukumar ilimin firamare da aka fi sani da SUBEB, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da sashen ilimi mai kula da makarantunta. Wannan katin muka riƙe da gangan, don a ajiye shi a inda da'irori suka haɗu, yara su ga cewa akwai aikin haɗin gwiwa. Katin hanya muka raba uku: babbar hanyar da ta haɗa jihohi, hanyar da jiha ta shimfiɗa, da titin cikin unguwa.

Katin rajistar haihuwa kuwa mun cire shi. Jadawali na Huɗu ya sa shi cikin ayyukan ƙaramar hukuma, amma takardar haihuwar da ke hannun yawancin yaran tana ɗauke da sunan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ta tarayya ce. Yaro mai lura zai kama malama da wannan, kuma warware shi zai cinye minti goma. Mun ajiye shi sai aji shida.

Mai unguwa fa?

Amsar yarinyar nan 'yar aji shida ba ta bar raina ba. Ba shirme ta faɗa ba. A idon yaro, mai unguwa da dagaci da hakimi su ne hukumar da ya fi gani. Kuma tarihi yana bayanta: kafin gyaran 1976, wanda ya kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin ƙasar, mulkin cikin gida a Arewa ya daɗe a hannun En'e, ƙarƙashin sarakuna. Kakannin yaran nan har yau wasunsu En'e suke cewa idan suna nufin ƙaramar hukuma. Kundin 1999 bai sa sarakuna cikin matakan gwamnati uku ba, amma malamin da ya share su daga darasi ya bar yaro cikin ruɗu, ya kuma nuna kamar ba su da daraja.

Abin da muka rubuta a shirin shi ne jimla biyu: masu sarauta iyayen ƙasa ne, suna sasanta jama'a suna kuma kai kukansu ga hukuma, amma kuɗin aiki da alhakin gyaran kwalbati suna hannun waɗanda aka zaɓa. Ba mu zana musu da'ira ta huɗu ba. Mun zana ɗan mutum a gefe, da kibiya daga gare shi zuwa da'irar ƙaramar hukuma.

Inda muka saɓa

Ni na so a gaya wa yara labarin hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisar ƙaramar hukuma ya ɗora kantoma. Hujjata ita ce yara suna jin ana maganar a rediyo, kuma misali ne mai rai na cewa doka tana saman kowa. Har na so a ambaci asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 ya tanada.

Ta ce, "Malam, da girmamawa, 'yan shekara goma ne. Ba su gama gane wa ke kwashe shara ba, mu kai su asusun haɗin gwiwa?" Hedimasta shi ma da ya ji, ya ja kunnenmu kada darasi ya koma siyasa, iyaye su zo da ƙorafi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za a ambaci jam'iyya ba, ba za a yabi ko a kushe wani mai riƙe da kujera ba." A kan asusun, ita ce ta fi ni gaskiya, na janye. Amma na dage a kan abu ɗaya: idan yaro ya tambayi abin da ya sa aikin da doka ta ce a yi ba a yi ba, kada a ce masa ya yi shiru. Muka shirya amsa tun kafin tambayar ta zo, muka kuma bar jimla guda cewa idan matakan gwamnati suka saɓa, kotu ce ke raba gardama, kuma hakan ya faru a 2024.

Daga ƙarshe muka roƙi a ba mu darasi biyu maimakon ɗaya. Manufofin ma muka sake su. Maimakon "yara su lissafo ayyuka biyar", muka rubuta: idan aka ba yaro matsala daga unguwarsu, zai faɗi matakin gwamnatin da ke da alhaki, ya kuma faɗi sunan muƙamin wanda za a tunkara.

Rana ta farko

Yaran ajin sun haura sittin, don haka ta fito da su fili, ta zana da'irori uku da alli a kan simintin baranda. Ta buɗe da tambaya: "Wa zai gaya mini abu ɗaya da ya gani a hanya yau wanda ba na gidan kowa ba ne, na kowa da kowa ne?" Hannaye suka tashi. Famfo, titi, bola, fitila, kwalbati. Ta raba su rukuni takwas, kowane rukuni da katunansa.

Buga kuɗi, fasfo da sojoji ba su jawo gardama ba, nan take suka tafi da'irar tarayya. Shara da kasuwa ma sun sami gidansu da ɗan taimako. Katin 'yan sanda ne ya tsayar da aji. Wani yaro ya rantse na gwamna ne, don ya ga su suna yi wa gwamna rakiya, ya kuma ji ana cewa kwamishinan 'yan sandan jiha. Malama ba ta yanke masa hukunci ba. Ta tambaye shi, ɗan sandan da aka yi wa canjin wurin aiki daga wata jiha zuwa wata, kakinsa yana canzawa? Ya ce a'a. Ta ce malamin sakandaren jiha fa, gwamnansu zai iya tura shi aiki wata jiha? Ya yi jim, ya ɗauki katin da kansa ya kai da'irar tarayya. Sai ta ƙara musu cewa sashe na 214 na kundin 1999 ne ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Na ji daɗin wannan wuri fiye da komai a darasin, don tambayoyin nan biyu ba sa cikin shirinmu, a take ta ƙirƙiro su.

Tambayar da muka yi tsammani ta zo daga wata yarinya da ke baya. "Malama, in aikin ƙaramar hukuma ne kwashe shara, me ya sa tamu ta kai wata da watanni ba a kwashe ba?" Ajin ya yi tsit. Malama ta ce, "Tambayarki mai kyau ce. Doka ta faɗi wanda aikin yake wuyansa. Wani lokaci kuɗi ne ba su isa ba, wani lokaci wanda aka ba aikin ne bai yi ba, wani lokaci ba wanda ya kai kuka. Ni ban je na bincika taku ba. Amma yanzu kin san wanda za a tambaya. Wane ne?" Yarinyar ta ce kansila. Ta ce in bai ji ba fa? Wasu suka amsa, ciyaman.

Lokaci ya ƙare kafin a kai ga tarihin ƙirƙiro jihohi, wanda muka ware wa minti biyar. An bar shi, kuma ban yi da-na-sani ba.

Rana ta biyu

Nan muka shirya zaman majalisar ƙaramar hukuma na kwaikwayo. Kowane rukuni mazaɓa ce, ta zaɓi kansilanta. Aka ba majalisa tsakuwa goma a matsayin kasafin kuɗi, da buƙatu huɗu: kwalbati, fitilun titi, rufin aji, da kwashe sharar kasuwa. Kowace buƙata tsakuwa huɗu take ci. Da gangan muka yi lissafin ya ƙi cika, don yara su ɗanɗana cewa mulki zaɓi ne tsakanin abubuwan da duk ake buƙata.

Wannan rana ba ta tafi sumul ba. Zaɓen ciyaman ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin, don kowa yana so. Rukuni bakwai cikin takwas maza suka zaɓa kansila, kuma masu ƙarfin murya biyu suka mamaye muhawarar. Sai da malama ta tsayar da zaman ta kafa doka cewa kowane kansila zai yi magana sau ɗaya kafin wani ya maimaita, kuma dole ya fara da, "Mutanen mazaɓata sun ce." Wannan 'yar jimla ta gyara zaman, don ta tilasta wa kansila ya juya ya tambayi 'yan rukuninsa, a nan ne 'yan matan suka sami bakin magana. Majalisa ta zaɓi kwalbati da rufin aji, tsakuwa biyu suka rage. Kansila ɗaya ya ce a ajiye su, wani ya ce a rubuta wa gwamnatin jiha a nemi ƙari don fitilu. Ba mu koya musu wannan ba.

Wani ya tambaya shekara nawa mutum zai kai kafin ya shiga majalisar gaske. Ta gaya musu ana fara jefa ƙuri'a a shekara 18, kuma tun 2018 ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar dokokin jiha, bayan an rage daga 30. Na ga wasu suna ƙirga yatsu.

Abin da gwajin ya nuna

Mako guda bayan haka muka ba su matsaloli shida a rubuce, kowace su faɗi wanda za a tunkara. Shara, kwalbati da fasfo kusan kowa ya ci. 'Yan sanda ma sun zauna musu, ina jin saboda gardamar da aka yi. Inda suka fi faɗuwa shi ne lafiya: sun kasa bambance ɗan asibitin sha-ka-tafi na unguwa da babban asibitin jiha, duk "asibiti" suke gani. Laifin katinmu ne, kati ɗaya muka yi wa lafiya alhali mun yi wa hanya uku. Haka kuma aikin majalisar dokokin jiha bai shiga kansu ba. Da yawa sun rubuta cewa gwamna ne ke yin doka. Mun ba ƙaramar hukuma rana da rabi, jiha ta tashi da saura, ga sakamakon nan.

A shirin da ta miƙa wa kwalejinsu, ta gyara waɗannan. Katin lafiya ya zama biyu. Za a zaɓi ciyaman da kansiloli tun ranar farko a lokacin tara, kuma kowane rukuni zai fitar da namiji da mace, ɗaya kansila ɗaya mai rubuta masa buƙatun mazaɓa, su yi musaya a tsakiyar zama. Ta ƙara darasi na uku na majalisar jiha kaɗai, inda yara za su kawo ƙudurin doka guda, su yi muhawara, su jefa ƙuri'a, sannan a kai wa "gwamna" ya sa hannu.

Aikin gida na ƙarshe wasiƙa ce zuwa ga kansilan mazaɓar da makarantar take, a kan kwalbatin bakin ƙofa. Kowa ya rubuta tasa, aji ya zaɓi guda, aka gyara ƙa'idar rubutu, yaran suka sa sunayensu a ƙasa. Hedimasta ya buga hatimi, ya ce shi zai kai da hannunsa. Yarinyar da ta yi tambayar shara ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a yi kwafi biyu, ɗaya ta zauna a wurinmu, mu san ranar da muka aika." Kwafin yana manne a bangon ajin, kusa da allo, da kwanan wata a samansa.